Tsohuwar Kujerar Ƙarshe

Kada wani ya ce ba a zo ba. An zo. Kujerun da muka jera a falon Gwaggo sun cika tun kafin la'asar, har sai da bawwab, mai gadin ginin, ya ara mana bencinsa muka sa a bakin ƙofa. Ɗalibai sun zo daga Darrasa da Abbasiya da littattafai a hammata, 'yan kasuwar Nijar sun rufe shagunansu, maƙwabta Misirawa sun hau bene hawa biyar suna haki. Aka zaga da gahawa marar sukari kamar yadda mutanen ƙasar nan suke yi a gidan rasuwa. Kowa ya ce Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Amin. Ni ma roƙona ke nan.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne abin da aka faɗa bayan addu'a.

Matar bawwab ta ce tunda take a ginin nan Gwaggo ba ta taɓa watso ruwa ta baranda a kan shanyar kowa ba. Gaskiya ne, kuma a unguwar Hadayek el-Maadi ta Alƙahira wannan ba ƙaramin yabo ba ne. Wani ɗan kasuwa ya ce ta iya shayi. Shugaban ɗalibai ya miƙe ya gyara hula, ya ce baiwar Allah ce da ta binne rayuwarta ta baya ba ta ƙara waiwayarta ba. Wannan kam ƙarya ce, kuma ya san ƙarya ce. Sannan aka kunna saƙon da wani babban mai wa'azi ya aiko daga gida Najeriya, mutumin da in na faɗi sunansa babu wanda zai ce bai san shi ba. Daga 'yar wayar hannu muryar nan ta cika falon, babu ihu, babu rawa, kowane harafi ya zauna a mazauninsa. Mata suna ta share hawaye. Ya ce ba zai manta da matar marigayi Malam ba, wadda ta yi wa ɗalibai hidimar abinci.

Abinci! Gwaggo da ko ƙwai ta soya sai an buɗe tagogi.

Na san inda ya samo muryar nan. Da idona na gan shi kwance a kan dardumar da muke takawa ran nan, da ƙamus a kan cikinsa, Gwaggo tana tsaye a kansa tana cewa, "Sake. Ba ka yi ba." A cikin mazan da ke falon, aƙalla rabi sun kwanta a kan dardumar nan. Babu ko ɗaya da ya buɗe baki ya ce ita ta koya masa magana. Ni ma an ba ni dama na yi jawabi ran nan, kuma zan zo kan abin da na faɗa. Ba na ɗokin zuwa wurin.

Baturiyar Ingila ce, matar kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ɗalibai ke kira Malam. Ɗalibai Mama suke ce mata, Misirawa suka yi shekaru suna kiran ta Madam kafin su koma Hajja. Ni kaɗai nake ce mata Gwaggo, kuma ita ta zaɓa, ta ce kalmar tana cika baki. Kafin ta zama matar kowa, 'yar wasan kwaikwayo ce, ba na fim ba, na dandamali, inda mutum ke tsayawa da ransa a gaban jama'a, in ya yi tuntuɓe babu wanda zai ce a yanke a sake. Kuma ba ƙarama ba ce a sana'ar. Akwai wata akwati a ƙarƙashin gadonta cike da takardun talla da aka taɓa mannawa a bangon London, sunanta a sama da manyan baƙaƙe, na sauran a ƙasa ƙanana.

Ba ta ɓoye akwatin nan. In ka tambaye ta za ta jawo ta ta buɗe maka. Mu ne ba ma tambaya.

Ni dai na tambaya, a shekarun farko, kafin in yi wayon da ya zame mini wauta. Ta ce mahaifinta gyaran taragon jirgin ƙasa yake yi a wani ƙaramin gari, bai taɓa shiga gidan wasa ba har ya mutu. Ta fara ne da zama a lungun dandamali da takardar wasa a cinya, aikinta ta raɗa wa duk wanda ya manta kalmarsa. A haka ta haddace maganar kowa, ta maza da ta mata. Na ce ai sai ran nan babbar 'yar wasa ta kwanta ciwo aka ce ki fito. Ta yi dariya har da tari. "Babu wadda ta taɓa yin ko mura domina, ɗana. Sai da na jira wata ta yi aure."

Daga nan ta yi ta yawo da ƙungiya gari gari, ana kwana a ɗakunan haya masu sanyi, har ta kai London. Ta fito a sarauniya, ta fito a baiwa mai tsiwa, ta fito a uwar da aka kashe wa ɗa. In na yi mata ƙorafin gajiyar karatu sai ta ce, "Na taɓa mutuwa sau takwas a mako har wata shida. Kada ka kawo mini zancen gajiya."

Ƙungiyarsu ce ta zo wasa Alƙahira, aka nemi tafinta mai Turanci da Larabci, aka samo Kawu, lokacin yana ɗalibi. Suna gwaji a ɗakin da babu kowa, shi yana zaune can a kujerar ƙarshe. Da ta gama ta tambaye shi ya ya gani, don dai a ce ta tambaya. Kawu mutumin ƙauye ne, bai iya lulluɓe magana ba. Ya ce, "Na ga bakinki yana motsi." Ta ce duk London babu wanda ya isa ya gaya mata haka. Ta sake, ta sake, har ya ɗaga hannu ya ce yanzu ya ji. Shekaru suka yi suna musayar wasiƙu. Da furfura ta fara leƙowa aka fara miƙo mata matsayin uwar wane da kakar wane, sai ta tattara ta taho, alhali har lokacin sunanta yana cika ɗaki. Ta ce gara ta tafi ana tambayar ina ta shiga, da ta zauna ana cewa ashe har yanzu tana nan.

Danginta suka ce ta zubar da kanta. Danginmu suka ce Kawu ya rasa wadda zai aura sai 'yar wasa. Ta musulunta, ta yi salla, ta yi azumi a zafin Alƙahira, ta koyi Hausa har da karin maganar ƙauyensu Kawu, duk bai goge kalmar nan ba. Allah bai ba su haihuwa ba, wannan ma aka lissafa a kanta. Ranar da zan taho karatu, mahaifiyata ta riƙe hannuna a tasha ta ce, "Ka gaishe ta, amma kada ka saba."

Da na bi maganar, da tuni na koma gida hannu rabbana. A jami'armu akwai jarrabawar baka, wadda muke kira shafawi. Za ka zauna a gaban shehunai su yi ta jefo tambaya kana amsawa. Ni kuwa littafin yana kaina tun daga bango har bango, amma da zarar na ga rawunan nan sai maƙogwarona ya bushe, murya ta maƙale, in koma kamar ɗan akuyar da aka shaƙe. Sau biyu ina faɗuwa. In na faɗi na uku sai jirgi. Kawu ya dube ni ya ce, "Yalla, mu je gidana. Akwai likitan wannan ciwon."

Gwaggo ba ta lallashe ni ba. Ta ce in kwanta a ƙasa. Ta ɗauko ƙamus ɗin Kawu mai nauyin bulo ta ɗora mini a ciki, ta ce in ɗaga shi da numfashi, ba da ƙirji ba. "Murya ba a maƙogwaro take ba," in ji ta. "Maƙogwaro ƙofa ce kawai. Kai kana tsaye a ƙofa kana hana kanka fita." Mako biyu ban yi komai ba sai ɗaga ƙamus. Sannan ta sa mini marfin kwalba tsakanin haƙora ta ce in karanto mata babin tsarki, yawu yana zuba a rigata, Kawu yana ɓoye fuska a bayan jarida kafaɗunsa suna rawa.

Babbar jarrabawarta kuwa matakala ce. Ginin ba shi da lif. Za ta tura ka can ƙasa, kusa da ɗakin bawwab, ita ta buɗe ƙofarta a hawa na biyar ta zauna a kujera. Sai ka faɗi darasinka. Sharaɗi biyu ne. Dole ta ji kowace kalma, kuma kada bawwab ya fito. In ba ta ji ba, ka faɗi. In bawwab ya leƙo yana tambayar lafiya, ihu ka yi, ka faɗi. In ka yi daidai sai ka ga farin kanta ya leƙo ta saman ƙarfen matakala, ta ce, "Tamam. Hau ka sha shayi." Kullum maganarta ɗaya ce: "Ka yi magana don mutumin kujerar ƙarshe. Na gaba ko ba ka iya ba zai ji."

Na ci shafawi. Shehin da ya kore ni bara har ya ce mini ahsanta.

Magana ba ta ɓuya a tsakanin ɗalibai. Kafin shekara ta zagayo, duk wanda harshensa ke sarƙewa, duk wanda aka ba huɗubar gwaji, ya san hanyar Hadayek el-Maadi. Amma ba a cewa wurinta aka zo. "Za mu gaida Malam" ake cewa. Bayan Kawu ya rasu sai aka koma "za mu duba iyalin Malam", a zo bibbiyu, a bar ƙofa a buɗe. Shekara da shekaru ana haka. Ba ta taɓa karɓar komai ba, ba ta kuma taɓa tambayar dalilin da ya sa in an haɗu da ita a tashar metro ake sunkuyar da kai a yi gaisuwa a gurguje ba. Mutumin da ya yi shekaru yana karanta fuskokin masu kallo, kana tsammanin bai gani ba?

Shi mai wa'azin nan da ya aiko saƙo, ya fi kowa saurin ɗauka, kuma ta fi ji da shi. Mako guda bayan ya ci jarrabawarsa ya dawo, ina nan zaune. Ya gyara zama ya ce ya zo da nasiha. Ya ce, "Mama, akwatin nan ya kamata a ƙone ta. Hotunan nan da takardun nan kada su zame miki hujja gobe ƙiyama." Ya yi kusan rabin sa'a yana jawabi. Gwaggo ta saurara ba ta katse shi ba. Da ya gama ta ce, "Numfashinka ya zauna. Amma kana hanzari in ka zo ƙarshen jimla." Ya ce ba wasa ya zo yi ba. Ta ce, "Ni ma. Na tuba daga abubuwa da yawa, ɗana, Allah Ya san su, kai ba ka san su ba. Amma ban tuba daga iya aikina ba. Da abin da ke cikin akwatin nan na gyara maka baki. Khalas. Sha shayinka." Bai sha ba. Bai ƙara hawa benen ba.

Ni ba fatawa na zo bayarwa ba. Malamai sun yi magana a kan wasan kwaikwayo, na karanta, kowa da abin da ya rinjayar. Abin da na sani shi ne butulci ba shi da mazhaba. Kuma ran nan na ji haushin mutumin nan ƙwarai, na riƙa jin na fi shi. Ashe laifi tudu ne.

Ranar da zan kare kundin digirina, wadda muke kira munaƙasha, al'ada ce ɗalibi ya fara da godiya. Mutum ya jero malamansa da iyayensa da duk wanda ya taimaka masa, a gaban jama'a. Na rubuta tawa a takarda, sunan Gwaggo yana layi na huɗu. Ta shiga metro ta hau 'yar ƙaramar bas ta zo, da tsohuwar kwat ɗinta mai ruwan toka da farin mayafi. Babu wanda ya nuna mata wuri. Ta je can baya ta zauna a kujerar ƙarshe.

Na gode wa shehunai. Na gode wa iyayena. Na yi wa Kawu addu'a. Idona ya sauka a layi na huɗu, sai na ɗaga kai na ga ɗakin cike da 'yan'uwa ɗalibai da rawuna, na ji kamar ana tambayata, wace ce wannan, me ta koya maka, a ina ta koya? Na tsaya. Na ja numfashi daga ciki, kamar yadda ta koya mini. Na tsallake. Na gode wa abokan ɗakina, na gode wa mutumin da ya buga mini kundin a wani shago a Darrasa. Har shi.

Bayan an tashi ana ta rungumata ana ɗaukar hoto, ta jira sai da aka ragu. Ta zo ta gyara mini wuyan alkyabba ta ce, "Mabruk, ɗana. Na ji ka har kujerar ƙarshe. Kowace kalma." Na fara murmushi. Ta ce, "Tsayawar nan ce kawai ta yi tsawo. Masu kallo za su gane an tsallake layi."

Ba ta ƙara tayar da zancen ba har ta koma ga Allah. Ni ma ban tayar ba. Na riƙa kai mata lemo da magani, ina gyara mata famfo, ina kai mata yarana ranar Juma'a, ina yi wa kaina ƙaryar cewa wannan ma ban haƙuri ne. Da na bar karatu na kama aikin tafinta ga marasa lafiyar da ke zuwa asibitocin Alƙahira daga gida, ita ta zaunar da ni ta koya mini yadda ake gaya wa mutum mummunan labari. Ta ce kada in yi gudu, kada in sa kuka a murya, kukan na mai ciwo ne ba nawa ba. Da wannan nake ci da iyalina har yau.

A kwanakinta na ƙarshe numfashin ne ya fara gudunta, ita da ta koya wa rabin masu wa'azin da na sani yadda ake riƙe shi. Wata safiya a asibiti ta yafito ni, na kai kunne. Ta ce, "Na saba mutuwa. Wannan karon dai ba za a tafa ba." Na ce, "Gwaggo, ki daina." Ta ce, "Ma'alish, ba komai." A nan ya kamata in faɗa mata. Ina da lokaci, babu kowa a ɗakin sai mu biyu. Na tambaye ta ko tana son ruwa.

Baƙo a Alƙahira ba shi da kabarin gado. A maƙabartar sadaka muka sa ta, irin ɗakin nan na ƙarƙashin ƙasa da ake buɗewa a ajiye mutum kusa da waɗanda suka riga shi a rufe. Babu allo, babu suna. Matar da aka manna sunanta a bangon London. Wannan bai dame ni sosai ba, ƙasa ɗaya ce, kuma Mai ita Ya san inda kowa yake. Suna a baki nake so a ajiye mata.

Shi ya sa ranar zaman makoki na zo da takarda a aljihu. Na rubuta komai, da ƙamus, da marfin kwalba, da matakala, da layi na huɗu. Bayan saƙon mai wa'azi aka ce dangi su yi magana, dangin kuwa ni ne. Ina miƙewa shugaban ɗalibai ya kamo hannuna ya raɗa mini, "Ustaz, a rufa mata asiri. Kada a taɓo zancen baya."

A rufa mata asiri. Asirin wa?

Na tsaya a tsakiyar dardumar. Na dubi fuskokinsu, kowa ya sunkuyar da kai kamar yadda suke yi a tashar metro. Hannuna yana kan takardar a cikin aljihu. Na ja numfashi. Na ce Gwaggo mace ce mai haƙuri, mai son ɗalibai, mai riƙe zumunci, kuma ƙofarta ba ta taɓa rufuwa ga baƙo ba. Na ce ta iya shayi. Muryata ba ta yi rawa ko sau ɗaya ba. Waɗanda ke kan benci a waje suka ce sun ji komai, wani dattijo har ya ce Allah Ya yi mini baiwar magana.

Haushin da nake ji na mutanen falon nan bai kai rabin wanda nake ji na kaina ba. Su ba a taɓa gyara musu wuyan alkyabba an gaya musu an gane ba. Ni an gaya mini, aka ba ni shekaru in gyara, na sake tsallake layin a kan dardumarta.

Mahaifiyata ta bugo waya daga gida ta ce a ƙone hotunan. Na ce to. Akwatin tana ƙarƙashin gadona, kuma duk ɗan da na haifa sai ya san abin da ke ciki. Allah Ya gafarta wa Gwaggo abin da ta tuba daga gare shi, Ya sa kowane harafin alheri da ya fita daga bakin da ta gyara ya hau mizaninta, ko masu bakin sun so ko ba su so ba.

Mai gidan hayar ya nemi makullinsa bayan mako biyu. Da hantsi na je na kwashe sauran kaya, akwatin ce ta ƙarshe. Na sauko da ita hawa biyar na ajiye a ƙasa, daidai inda take tsayar da mu, kusa da ɗakin bawwab. Ina jin rediyonsa a ciki. Na ɗaga kai. Na bar ƙofarta a buɗe ban sani ba.

Na ciro takardar. Na faɗi sunanta na asali, wanda ke kan takardun talla, na ce 'yar wasan dandamali ce, gwana ce, kuma ita ta koya mini magana. Na karanta tun daga farko har ƙarshe ban tsallake komai ba. Na ji muryata tana hawa, hawa ɗaya bayan ɗaya, har ta kai sama.

Bawwab bai fito ba. Na daɗe a tsaye kaina a sama, ina jiran a ce in hau in sha shayi.